Hawayen Ban Kwana da Haƙƙin Gida

Wa'azin dare na 26 ga watan Ramadan

Muna gode wa Allah, Sarkin da ya ara mana rai da lafiya har muka riski goman ƙarshe na wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, na cikin garin Filinge da na ƙauyukan Kurfai, na Imanan da Tagazar da Tondikandiya, da duk inda muryar nan ta kai cikin Dallol. 

Karatunmu na daren yau amsa ce ga wata tambaya da wani bawan Allah ya aiko mana. Ya yi Umra a farkon watan nan, ya komo gida kwana goma ke nan. Ya ce: “Malam, jikina ya iso Filinge, amma zuciyata ba ta biyo ni ba. Ina tsaye a sahun asham a masallacin unguwarmu, hankalina yana Harami. Abinci ba ya yi mini daɗi, hira ba ta yi mini daɗi, in na dubi garinmu sai in ji ƙirjina ya ƙuntata. Har na fara tunanin in sayar da sauran bisashena in koma can in zauna, mutuwa ta same ni a Madina. Shin wannan imani ne, ko kuwa Shaiɗan ne yake wasa da ni?”

Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, domin ka faɗi abin da da yawa suke ɓoyewa. Ni kaina na san ciwon nan. Ranar da za mu bar Madina, bayan sallar asuba, mota tana jira, ana ta kiranmu, ƙafafu sun ƙi ɗagawa. Akwai wani dattijo cikin ayarinmu, mutum mai kamun kai, wanda aka ce ko ranar da ya binne ɗansa ba a ga hawayensa ba. Ran nan ya rufe fuska da rawani yana sheshsheka kamar yaro. Mota ta tashi, kowa ya juya wuya yana kallon hasumiyoyin masallacin Manzon Allah har gine-gine suka shiga tsakani, kuma muka yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce uffan. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. To, mu da ba mu fi mako guda a garin ba, yaushe muka saba da shi har haka?

Amsar tana cikin Littafin Allah. A Suratu Ibrahim, aya ta 37, an ba mu labarin yadda Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ajiye iyalinsa a kwarin da ba shuka, sa'an nan ya roƙi Ubangiji ya karkato da zukatan mutane zuwa gare su. A Suratul Baƙara kuma, aya ta 125, Allah ya bayyana cewa ya sanya Ɗakinsa wurin da ake ta komawa gare shi, malaman tafsiri kuwa suka ce ma'anar ita ce ba mai ƙoshi da shi, duk wanda ya tafi sai ya so ya dawo. Ashe ɗan'uwa, abin da kake ji a ƙirjinka addu'ar kakanmu Ibrahim ce ta same ka. Sabon nan ya girme ka, ya girmi iyayenka. Saboda haka kada ka zargi kanka a kan hawaye. Wanda ya kamata ya binciki zuciyarsa shi ne wanda ya fito daga Harami babu abin da ke damunsa sai nauyin jakarsa a ma'aunin filin jirgi.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya riga mu ɗanɗana ɗacin rabuwa da ƙasar da ake so. Imam Tirmizi ya ruwaito cewa ya tsaya a wani wuri da ake kira Hazwara, cikin Makka, ya yi magana da garin kamar yadda ake magana da masoyi. Ya shaida masa cewa babu ƙasar da ta fi shi alheri ko ta fi shi soyuwa ga Allah, kuma da ba fitar da shi aka yi ba, da bai fita ba. Malaman tafsiri sun ambata cewa a hanyar hijira, da ya kai Juhfa, begen Makka ya taso masa, sai aka saukar masa da aya ta 85 ta Suratul Ƙasas, wadda ta yi masa alkawarin za a mayar da shi. Juhfar nan ita ce miƙatin mutanen Sham da Masar da masu tahowa daga yamma. Ku duba yadda Ubangiji ya yi da shi: lallashinsa aka yi, aka kwantar masa da hankali da alkawari.

Da suka isa Madina, Nana A'isha ta ba da labari, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Sayyidina Bilal. Idan zazzaɓin ya sassauta wa Bilal sai ya ɗaga murya yana ambaton kwarin Makka da ciyawarsa mai ƙanshi, da ruwan Majanna, da duwatsun Shama da Ɗafil, yana fatan ko zai sake kwana a can ko da dare ɗaya. Ku tuna fa, Makkar nan ita ce inda aka kwantar da shi a rana aka ɗora masa dutse a ƙirji, amma ga shi yana kewarta. Da aka gaya wa Manzon Allah, sai ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, ya ba garin lafiya, ya albarkaci mudunsa da sa'insa. A nan maganin yake, jama'a. Bai roƙa a cire musu son Makka ba. Ya roƙa a ƙara musu son wurin da Allah ya zaunar da su. Zuciyar mumini tana da faɗin da za ta ɗauki gari biyu.

Sa'an nan ku dubi shekara ta 8 bayan hijira, da Allah ya buɗe masa Makka. Ga garin haihuwarsa a hannunsa, ga Ɗakin Allah, ga kabarin Nana Hadiza, ba mai iya korarsa kuma. Mutanen Madina suka fara raɗa a tsakaninsu cewa shi ke nan, son gida ya kama shi, ba zai koma tare da su ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa ya kira su ya tabbatar musu rayuwarsa tare da su take, mutuwarsa ma tare da su. Ya yi ƴan makonni a yankin, ya juya ya bar garin da ya fi so, ya koma inda alkawari da aiki suke jiransa.

Yanzu in komo ga rabi na biyu na tambayarka, wato sayar da bisashe a koma a zauna. Saurari waɗannan labarai guda huɗu, ka auna da kanka.

Na farko, Malik ɗan Huwairis. Shi da wasu samari tsararrakinsa sun zo Madina daga ƙabilarsu, suka zauna wurin Manzon Allah kwana 20. Suna sallah a bayansa, suna ganin fuskarsa safe da yamma. Wace ni'ima ce ta kai wannan? Amma da ya lura sun fara tunanin iyalansu, sai ya tambaye su wa suka baro a gida, suka faɗa masa. Ya umarce su da su koma, su zauna cikin mutanensu, su karantar da su, su yi sallah yadda suka ga yana yi, ɗayansu ya kira sallah, babbansu ya ja su. Buhari da Muslim duk sun fitar da shi. Wanda ake zuwa Madina dominsa, shi da bakinsa ya ce a koma gida.

Na biyu, Mu'azu ɗan Jabal, ranar da aka aike shi Yaman. Imam Ahmad ya ruwaito cewa Manzon Allah ya raka shi, Mu'azu yana bisa abin hawa, shi yana tafiya a ƙasa yana yi masa wasiyya. Da za su rabu ya sanar da shi cewa mai yiwuwa ba za su sake haɗuwa ba bayan wannan shekara, sai dai ya zo ya wuce ta masallacinsa da kabarinsa. Mu'azu ya fashe da kuka. Sai Manzon Allah ya juya fuskarsa wajen Madina, ya bayyana cewa mafi kusanci da shi cikin mutane su ne masu tsoron Allah, ko su wane ne, kuma ko a ina suke. Ko a ina suke, jama'a! Har da mai jan guga a rijiyar Kurfai, har da makiyayin da ke bin shanu a dajin Tukunus, har da tsohuwar da ke daka gero tana salati.

Na uku, Uwaisul Ƙarni. Yana zamani ɗaya da Manzon Allah, yana Yaman, bai taɓa ganinsa ba, yana ɗawainiya da mahaifiyarsa. Ga shi a Sahihu Muslim an yi wa Sayyidina Umar wasiyya, idan ya gamu da shi ya nemi ya roƙa masa gafara. Umar da ya yi shekaru a gefen Annabi, shi aka tura neman addu'ar wanda ya zauna gida saboda uwa.

Na huɗu yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Abu Darda'i ya rubuta wa Salmanul Farisi yana kiransa ya taho ƙasa mai tsarki ta Sham. Salmanu ya mayar masa da amsa cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne yake tsarkake shi. Abu Jahil a Makka aka haife shi, ruwan Zamzam ya sha tun yana yaro. Me ya amfana masa?

Ƙasarmu ma tana da nata misalan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas yana karatu. Da malamin ya ɗaura niyyar Hajji, Shehu ya so ya bi shi, amma aka mayar da shi gida domin bai nemi izinin mahaifinsa ba. Har ya rasu a Sakkwato a 1817 bai taka Makka ba, alhali kuwa begen ziyarar Manzon Allah ya cika waƙoƙinsa. Ya haɗiye kewarsa ya mayar da ita karantarwa, ga shi har yau ana cin albarkar zamansa. Askiya Muhammadu kuwa, sarkin Sanwai, ya tashi Hajji a 1496, ya yi waƙafi a Madina domin mahajjatan ƙasashenmu, sa'an nan ya juyo ya komo Gawo, saboda akwai jama'a a wuyansa. Kakanninmu da suka riƙa tafiya a ƙasa, ta Kano da Barno da Wadai da Darfur, su ƙetare Nilu su kai Sawakin su hau jirgin ruwa, suna yin shekaru a hanya, suna noma suna ƙodago don guzuri. Wasu sun zauna a Sudan, zuriyarsu tana can har yau. Waɗanda Allah ya maido kuwa, da yawansu littattafai suka komo da su, suka buɗe makarantu a ƙofar gidajensu.

Saboda haka, ɗan'uwa, amsata ita ce: kewar da kake ji alama ce ta imani, amma shawarar da ta biyo bayanta a yi mata taka-tsantsan, domin ta ƙofar alheri Shaiɗan yake shigo wa mutumin kirki. Ba zai ce maka ka bar sallah ba, ya san ba za ka yarda ba. Sai ya ce maka sallar nan ta Filinge ba ta da daɗi, limaminku ba ya da murya, masallacinku ba ya da sanyi, har ka wayi gari kana raina sahun da Allah ya wajabta maka tsayuwa cikinsa. Mun san waɗanda suka tafi da bizar Umra suka ƙi dawowa. Wa'adin da suka sa hannu a kansa ya wuce, suna ɓuya daga askarawa, wani ma Haramin da ya zauna dominsa ba ya iya zuwa cikin natsuwa. A gida kuwa damina ta faɗi gonarsa ba shuka, matarsa ba ta san matsayinta ba, mahaifiyarsa ta rasu tana tambayar ko ya aiko da saƙo. Musulunci ya umarce mu da cika alkawari, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa tozarta waɗanda mutum yake ciyarwa ya ishe shi zunubi. Wanda ya sami hanyar zama ta halal, ba tauye haƙƙin kowa, ba mu hana shi ba, falalar Madina sananniya ce. Amma wanda zai bar marayu da ransa don ya mutu a Baƙi'a, ya sani za a tambaye shi su kafin a tambaye shi inda aka binne shi.

Shari'a da kanta ta koya mana yadda ake rabuwa. An sanya ɗawafin ban kwana domin ya zama Ɗakin Allah ne ƙarshen abin da mai tafiya zai sallama. A mazhabarmu ta Malikiyya mustahabbi ne, babu yanka a kan wanda ya bar shi, wasu malamai kuma sun wajabta shi ga mahajjaci, an kuma ɗauke wa mace mai haila. Ku lura, addinin da ya ce a zo, shi ne ya tsara yadda za a tafi. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya siffanta tafiya da yankin azaba, ya kuma ce wanda ya biya bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Anas ya ce idan Manzon Allah ya dawo daga tafiya ya hango katangun Madina, sai ya ƙara wa abin hawansa sauri saboda son garin. Kuma al'adarsa ce ya fara da masallaci ya yi raka'a biyu. Wannan sunna ta yi ƙaranci a cikinmu. Ana tarbo alhaji daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai, a biyo ta Hamdallay da Baleyara da Bonkuku, tafiyar kimanin kilomita 180, ana isowa sai gida, sai guɗa, sai rabon dabino da tasbaha. Fara da masallacin unguwarka, ya alhaji. Ka sa goshinka a tabarmarsa, domin Ubangijin da ka yi wa kuka a Multazam shi ne Ubangijin wannan masallaci.

To, me za ka yi da kewar? Ka mayar da ita aiki. Tambayi kanka abin da ya sa zaman can ya yi maka daɗi. Kana tashi kafin kiran farko. Ba ka rasa jam'i ko sau ɗaya. Kana buɗe Alƙur'ani kullum. Bakinka ya huta da naman mutane, domin ba ka san kowa ba balle ka ci namansa. Kana miƙa dabino ga wanda ba ka jin harshensa lokacin buɗa-baki. Wanne cikin waɗannan ne aka karɓe maka a filin jirgin Jidda? Babu. Duk sun fi Zamzam sauƙin ɗauka, kuma su ne tsarabar da ba ta ƙarewa. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi asuba cikin jam'i, ya zauna yana ambaton Allah har rana ta fito, sa'an nan ya yi raka'a biyu, yana da lada irin ta Hajji da Umra. Wannan ƙofa a buɗe take kowace safiya, ba fasfo ba kuɗin kujera. Kuɗin da za ka koma da su kuwa, duba maƙwabcinka da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji Hausawa, sai fa wanda tunanin ya sa shi gyara gonarsa.

Maganar nan ta shafi ƴan biɗa ma, domin Kurfai ƙasar matafiya ce. Akwai wanda ya yi shekaru a Kumasi ko Akara ko Abijan ko Legas, ya sami maigida nagari da abokan arziki da masallacin da ya saba da shi, ranar tahowa ya ji kamar ana cire masa wani abu a jiki. Babu laifi a wannan, alama ce ta ɗan halal wanda ba ya manta alheri. Sai dai ka biya bashin da ke kanka kafin ka taso, ka nemi gafarar waɗanda ka zauna da su, ka riƙa tambayar lafiyarsu, ka ambaci ƙasarsu da alheri. In ka iso kuma, kada ka ishe mu da “a can kaza, a can kaza” kana yamutsa fuska ga furar da ta raine ka. Abin kirkin da ka gani a can, sana'a ce ko tsabta ko riƙon amana, koya wa ƙannenka.

Akwai kuma waɗanda nake jin nauyin ambatonsu, ƴan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, suka bar gonaki da rijiyoyi da kaburburan iyaye ba da son ransu ba. Ku ne kuka fi kowa kusa da halin Manzon Allah ranar da aka fitar da shi. Wanda ya yi masa alkawarin komawa ya cika, shi muke roƙo ya mayar da ku cikin aminci. Mu kuma da kuka sauka a wurinmu, Allah ya ba mu zuciya irin ta mutanen Madina. Ga zakkar kono ta matso, kada a manta da su.

Daga ƙarshe, ya ku bayin Allah, dukanmu matafiya ne a daren yau, har wanda bai taɓa wuce Baleyara ba. Kwana 26 ke nan muna baƙunci a wata ƙasa mai suna Ramadan. Mun saba da sahur, mun saba da asham, mun saba da tafsiri, masallatai sun cika har waje. Saura kwana uku ko huɗu a ce mana mota ta tashi, kuma ba wanda ya san ko za a sake ba shi izinin shiga baɗi. Da yawa da muka yi asham da su bara suna ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya ji zuciyarsa tana karaya saboda rabuwar nan, ya gode wa Allah. Amma gaskiyar hawayensa sai ranar biyu ga Sallah za a gane ta, a sahun asuba, da azumi shida na Shawwal, da Alƙur'anin da ba a mayar cikin gafaka an rataye ba. Gobe daren 27 ne, a ɗaure ɗamara, a tashi iyali.

Ya Allah, ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Wanda ya ziyarci Ɗakinka ka karɓa masa, ka sake kiransa. Wanda bai je ba ka buɗa masa hanya ta halal. Ka sanya mana son garuruwanmu da haƙurin zama da juna, ka albarkaci mudunmu da rumbunanmu, ka ba mu damina mai albarka. Ka maido matafiyanmu lafiya, ka zaunar da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Ka sa ranar da za mu yi ban kwana da duniya ta zama ranar komawa gida.

Nan za mu dakata, sai gobe in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.